Maiwada da Kalmar da Ya Ɗauko a Bakin Teku

Maiwada ɗan wata unguwar manoman auduga ce a gabas da Tsiga, inda rafi ɗaya ya raba gidajen Musulmi da na Maguzawa. An haife shi a zamanin da ba a fita gona sai da kwari da baka, domin mahara kan faɗo wa mutum yana tsakiyar huɗa, a wayi gari sai dai labarinsa. Ko don haka ne, ko kuwa halitta ce, Maiwada ya tashi matsoraci. In hadari ya haɗo shi ne farkon shiga ɗaki, in an yi kururuwa a bayan gari shi ne ƙarshen fitowa. Wansa Shitu kuwa zuciya gare shi kamar ta zaki, kuma duk inda ya sa ƙafa nan Maiwada ke sa tasa.

Shekarar da gemu ya fara tsiro wa Maiwada, wani madugu ya haɗa ayari a Maska zai kai riguna da kanwa kudu. Shitu ya ce za shi ɗaukar kaya. Maiwada ba ya son tafiyar, amma zama ba Shitu ya fi tafiyar ba shi tsoro, sai ya ɗauki gammonsa ya bi shi. Suka ratsa Zazzau, suka ratsa ƙasar Nufe, suka haye Kwara, ba su tsaya ba sai Ikko a bakin teku. A can madugu ya ce yanzu goron Gwanja ta ruwa yake zuwa, ya zaɓi majiya ƙarfi ya sa su a jirgin hayaƙin Nasara su je su ɗauko huhunan goron. 'Yan'uwan biyu na ciki.

Zuwa dai an je lafiya, in ban da amai da Maiwada ya yi ta yi, yana rufe da ido don kada ya ga ruwan da ba shi da gaɓa. A dawowa ne Shitu ya kwanta. Da fari zazzaɓi ne da ciwon baya, daga baya ƙuraje suka feso masa a goshi da tafin hannu. Fatake suka dubi juna suka ja da baya, ba wanda ya yarda ya ambaci sunan abin, amma kowa ya san agana ce.

Da jirgi ya zo daf da Ikko bai shiga mashigi ba. Aka jawo wani ƙyalle rawaya aka ɗaga shi can ƙololuwar sandar jirgin. Wani Bature ya zo cikin kwalekwale, ya hau, ya ɗage mayafin Shitu da bakin sandarsa, ya dubi fuskarsa, sannan ya juya ya faɗi kalma ɗaya da ƙarfi.

"Kwarantin!"

Ma'aikatan jirgin suka karɓa, wannan ya faɗa wa wancan, har ta kai ƙarshen jirgi. Maiwada ya ga yadda fuskokinsu suka sake. A kunnensa kalmar ta yi kama da kwarankwatsa, wadda Maguzawan ƙetaren rafinsu ke rantsuwa da ita in magana ta kai maƙura, kuma ya sha jin labarin waɗanda ta faɗa wa.

Aka kwashe su duka zuwa wani tsibirin rairayi mai rumfuna biyu, ɗaya nan, ɗaya can nesa bayan shingen kara. Wasu mutane masu tsumma a hanci suka ɗauki Shitu suka nufi ta nesan. Maiwada ya riƙe ƙafarsa yana kuka, wani soja ya shiga ɓamɓare masa yatsu.

"Sake ni, ƙane," in ji Shitu, muryarsa a dushe. "Ka kula da gammona, ina zuwa."

Abin da ya fi cin ran Maiwada a tsibirin nan shi ne ba wanda ya gaya musu laifinsu. Ya tambayi wani Banufe mai tuƙa kwalekwalen da ke kawo musu garin rogo, ya ce masa kalmar tana nufin kurkukun marasa laifi. Ya tambayi tafintan Baturen, wani Bayarabe mai tsinken Hausa, ya ce asalinta ƙidaya ce, arba'in take nufi. Maiwada ya ce arba'in ɗin me, tafinta ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Shi kuwa arba'in ɗaya ya sani, wadda ake yi wa mamaci sadakarta. Sai ya je wurin wani tsohon soja Bahaushe mai gadinsu, ana ce masa Aƙilu, ya durƙusa daga nesa.

"Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya. Mene ne wannan abin da aka kira mana?"

Aƙilu ya tofar da tabar da ke bakinsa. "Yaro, na daɗe ina cin gishirin mutanen nan. Na ji sun faɗe ta a kan jirgi, na ji sun faɗe ta a kan gida, har a kan garken awaki na ji. Duk abin da aka faɗa wa ita, ba a taɓa shi, shi ma ba ya taɓa kowa. Wasu su fito, wasu ba sa fitowa. Iyakar sanina ke nan."

"Aljani ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Amma su kansu tsoronsa suke yi."

Washegari Baturen ya dawo da wata 'yar wuƙa. Aka jera su, ana tsaga wa kowa damtse ana shafa wani abu a wurin. Maiwada ya tabbata shaidar bayi ce ake yi musu, ko kuwa alamar waɗanda abin zai ci. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya bushe ya bar tabo kamar ƙwayar gujiya. Kullum da safe yakan tsaya bakin shinge yana hangen rumfar nesa, yana kiran Yaya, Yaya, ba amsa. Ran nan da hantsi ya ga hayaƙi ya tashi a can, ya hango ana jefa wata riga a wuta, ya gane ta, domin uwarsu ce ta kaɗa zarenta. Ba a nuna masa gawa ba, ba a nuna masa kabari ba. Da aka sauke ƙyallen aka ce su tafi, bai tsaya neman ladansa wurin madugu ba, ya bi ayarin farko da ya samu mai zuwa arewa.

Ya iso gida a rame, ya gaya wa uwarsu zazzaɓi ya kashe Shitu a hanya, bai ƙara ko harafi ba. Ya karɓi gonar ubansu, ya auri Rabi, 'yar wani masaƙi daga Bakori, kuma daga ranar ko kasuwar Dandume bai sake takawa ba. Kalmar nan kuwa ya kulle ta a cikinsa. Ya ɗauka in ya furta ta, abin zai ji an kira shi ya biyo sawu. In ya ga mace da zane rinin rawaya sai ya sauya hanya. Rigarsa kullum mai dogon hannu ce, ko a tsakiyar bazara, don kada a ga tabon. Rabi ta taɓa tambayarsa, ya ce ƙaya ce.

Allah ya ba su 'ya'ya uku, maza biyu da mace. Macen aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Sakinatu, don haka shi Uwata yake ce mata. Ita ce mai kai masa fura gona, ita ce mai tsince masa auduga a ƙasan reshe inda babba ke ƙyuyar sunkuyawa.

Da kaka, shekarar da Sakinatu ta fara yin kitso irin na 'yanmata, ta bi uwarta kasuwar Bakori sayar da abawa. Bayan sun dawo da kamar mako biyu ta ce kanta na sarawa, bayanta kamar an daka. Rabi ta dafa mata saiwa. Ran nan da safe Maiwada ya shiga ɗakin, ya ɗage mata kallabi, sai ya ga ƙuraje a goshinta, ya buɗe tafin hannunta ya ga irinsu. Ya tsaya kamar an dasa shi. Abin da ya faɗo masa ba mutuwa ba ce, hannun sojan nan ne yana ɓamɓare masa yatsu. A ransa ya ce abin ya gano gidansa, kuma in ya bari aka sani, wasu za su zo su ɗauke ta su kai ta bayan shinge ita kaɗai.

Ya sunkuce ta ya goya. Rabi ta tare ƙofa.

"Maigida, ina za ka kai mini ita?"

"Gona. Ke da yaran kada ku biyo ni. Ki ƙone tabarmar nan da zanenta."

"Ka haukace ne? Yarinya ba lafiya ka kai ta daji?"

"Na ga yadda ake yi masa," in ji Maiwada. "In an keɓe masa nasa, wani lokaci yakan bar sauran. Amma ni zan zauna da ita. Ba za ta kira a rasa mai amsawa ba."

Rabi ba ta gane ko ɗaya ba, amma ba ta taɓa ganin idonsa haka ba, sai ta kauce.

Akwai bukkar tsaron birai a ƙarshen gonarsa, kusa da rafi. Ya ɗebo rairayi mai laushi ya shimfiɗa, ya kwantar da ita. Sannan ya yi abin da ya fi ba shi tsoro duk rayuwarsa. Ya tono saiwar rawaya, ya daka a kan dutse, ya yagi gefen rigarsa ya rina, ya ɗaura a dogon gora ya kafa a bakin gonar. Bai san amfanin ƙyallen ba. Ya dai ga an yi haka, kuma yana jin in ya rage wani abu a cikin ƙa'idar, abin zai yi fushi.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Mata suka fito da ƙoren kunu za su je gaisuwa kamar yadda aka saba, Gwaggo, ƙanwar ubansa, tana gaba. Maiwada ya hango su sun doshi goran. Ya yi musu hannu su koma, ba su tsaya ba. Ya ce akwai ciwo, Gwaggo ta ce ai ciwon ne ya kawo su. Da ya ga ƙafarta za ta ƙetare kunyar farko, sai kalmar ta ƙwace daga bakinsa, da irin ƙarfin da Baturen ya faɗe ta.

"Kwarantin! Kwarantin!"

Gwaggo ta saki ƙwarya. Matan suka watse da gudu suna salati, suna cewa Maiwada ya kira musu kwarankwatsa. Shi kuma ya toshe bakinsa da hannu biyu ya durƙushe, yana jiran ya ga abin da zai sauko. Ba abin da ya sauko, sai kukan kurciya da nishin yarinya a bukka.

Mutum ɗaya ne ya zo bai gudu ba, Labo, wani Bamaguje mai gona a ƙetaren rafi, wanda agana ta taɓa kama shi yana yaro ta bar masa zanzana fal fuska. Ya zo da zuma a ɗan tulu da gumba, ya tsaya daidai goran yana kallon ƙyallen.

"Maƙwabci, wannan na wanne ne cikin iskoki? Na san masu son jan zakara, na san masu son baƙin bunsuru. Mai son rawaya ban san shi ba."

"Na bakin teku ne," in ji Maiwada. "Kada ka ambace shi."

"Me yake ci?"

"Ya ci wana."

Labo ya jinjina kai, ya ajiye tulun, ya ce ta riƙa lasar zumar, kuma kada a bar ta ta sosa. Daga ranar kullum yakan ajiye abinci a gindin goran, wani na gidansa, wani wanda Rabi ta aiko.

Ciwon ya yi tsanani. Ƙurajen suka haɗe, fuskar Sakinatu ta kumbura har ba a gane ta, idanunta suka liƙe. Maiwada ya ɗaure mata hannuwa da tsumma mai laushi, yana ɗiga mata ruwa da auduga, yana kore ƙudaje da ganye. In ta ce Baba, kafin ta rufe baki ya ce ga ni, Uwata. Kowace safiya yakan duba tafin hannunsa yana jiran nasa rabon, ba ya ganin kome, kuma wannan ma tsoro yake ba shi, don yana ganin ajiye shi aka yi sai an gama da ita.

Ana cikin haka agana ta ɓulla a cikin unguwa, a gidan wani mai jaki da shi ma ya ci kasuwar Bakori. Ta kama gida biyu, ta kama biyar. Aka fara fita da yara a tabarma. Mutane suka ce ga wanda ya kira ta da sunanta, ga tutarta can ya kafa mata, kuma shi yana kwance da mai ciwo ko ƙurji bai yi ba. Wata la'asar sai ga mai unguwa da maza kamar ashirin, wasu da sanduna, biyu da bakin wuta. Maiwada ya fito ya tsaya a ƙofar bukka.

"Maiwada," in ji mai unguwa, "me ka ɗauko mana daga ƙasar Nasara?"

"Ranka ya daɗe, magana ce kawai na ji an faɗa."

"Mece ce ma'anarta?"

"Wallahi ban sani ba. Wani ya ce mini kurkuku, wani ya ce arba'in, wani ya ce abin da ba a taɓawa."

"Kana kiran abin da ba ka sani ba a kan mutane?"

Wani daga baya ya ce a duba jikinsa. Ba wanda ya yarda ya matso, sai aka sa shi ya tuɓe rigar da kansa. Da suka hangi tabon damtsen aka ɗauki salati, aka ce ga hatiminsa nan. Masu wutar suka fara matsowa ta gefen da iska ke kaɗawa. Maiwada ya waiwaya ya dubi bukkar, karan dawa ne busasshe. Ya san ba zai iya gudu da ita ba. Sai kawai ya koma ciki ya zauna kusa da ita ya riƙe hannunta, ya bar ƙofar a buɗe don su gan shi.

Labo ne ya hayo rafi da gatari a kafaɗa, 'ya'yansa maza na biye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa mai unguwa iska gabas take yi, kuma dawarsa na tsaye ba a girbe ba, duk wanda ya sa wutar da ta ci masa zangarniya ɗaya, shi zai rantse a kansa da kwarankwatsa ta gaske, wadda kowa ya san ma'anarta. Aka yi cirko-cirko. Limamin unguwa, wanda ya biyo su yana haki, ya ce ƙona mai rai ba ya cikin addini ko da me ya yi. Mai unguwa ya yanke cewa ba za a taɓa su ba, amma Maiwada ba zai sake kwana a cikin unguwa ba har abada.

Sakinatu ta tashi, amma idonta na hagu ya tafi, fuskarta kuma ta zama irin ta Labo. A unguwa ciwon ya ɗauki mutane da yawa, har da Gwaggo. A gidan Maiwada ya ɗauki ƙaramin ɗansa ya bar babban da Rabi. Masu cewa kalmarsa ce ta jawo annobar suna da abin nunawa, masu cewa keɓewar ce ta rage wa gidansa ɓarna su ma suna da nasu, shi kansa bai taɓa sanin wanne ne gaskiya ba. Da annobar ta ɗauke ƙafa Rabi ta kwaso tukwanenta ta dawo gonar, suka yi ɗakuna biyu na laka.

Kalmar kuwa ta shiga bakin mutane, kowa da yadda ya murɗa ta. Iyaye mata suka riƙa tsorata yara da ita in sun nufi rijiya. In an ware irin auduga a rumbu don kada a taɓa, sai a ce an yi masa karantin. Mutumin da ya yi fushi ya daina zama dandali, a ce ya shiga karantin. Gonar ma haka aka riƙa kiranta, shi kuma Maiwada na Karantin. Duk lokacin da ya ji yara na jefa ta cikin wasa sai ya tofa addu'a hagu da dama.

Shekarar da annobar nan da aka kira sannu ta faɗa wa shanu, wani Bafulatani mai suna Ummaru ya zo har ƙofar gidansa ya tsuguna, ya ce an gaya masa yana da wata kalma mai tsare ciwo, ya roƙe shi ya karanta wa garkensa, zai ba shi karsana. Maiwada ya ce ba shi da kome, ya rantse, Ummaru bai yarda ba. Don ya rabu da shi sai ya ce ya raba masu tari da masu lafiya, ya kai su nesa, kada su sha ruwa wuri ɗaya. Kalmar dai ya ƙi faɗa. Ummaru ya tafi yana ganin rowa aka yi masa, kuma shanunsa kaɗan ne suka tsira, kamar na kowa a shekarar.

Sakinatu ta auri wani maɗinki mai sanyin hali daga Tsiga, wanda ya yarda ya zo ya yi ɗaki kusa da surukinsa. Wasu baƙi da suka rasa wurin zama su ma suka kafa bukkoki a gefe, har wurin ya zama 'yar unguwa mai rijiyarta. Maiwada ya tsufa a nan, yana noman audugarsa, ba ya zuwa ko'ina sai masallacin da suka kewaye da duwatsu a gindin marke. Ya rasu da damina, 'yan shekaru kafin Nasara su shigo ƙasar Katsina, bayan gajeren ciwon ciki. Musulmi suka yi masa salla, Labo da 'ya'yansa suka tsaya daga gefe har aka gama, sannan suka karɓi fartanya suka taya rufe kabarin.